Shin Tsamin Ruwan Teku Na Juya Hankalin Ƙananan Kifaye?

Daga garin Bodinga zuwa gaɓar teku a Ikko tafiya ce ta kusan kilomita 1,000 a mota, kuma da yawa daga cikin mutanen wannan yanki za su yi zamansu na duniya har su gama ba su taɓa ganin teku da idanunsu ba. Amma duk da haka teku na iske su har gida. Kifin ƙanƙara da ake saukewa cikin kwalaye a Sakkwato, sa'an nan a rarraba shi zuwa kasuwannin Bodinga da Sifawa da Shagari, watau irin su titus da shawa da kote, ba a Gulbin Rima aka kama shi ba. Jiragen ruwa ne ke kawo shi daga tekun Atlantika, wani daga ruwayen Norwe da Holan, wani kuwa daga gaɓar Muritaniya. Jami'an Gwamnatin Tarayya sun sha ambata cewa Nijeriya na bukatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a kowace shekara, alhali kuwa abin da ake samu a cikin gida bai wuce sulusin haka da yawa ba. Saboda haka duk abin da ya taɓa kifin teku, to ko ba jima ko ba daɗe zai taɓa tukunyar miya a nan.

Wannan ne ya sa ya kamata mai karatu ya san wata gardama da ta ɓarke tsakanin masu ilmin kimiyya tun daga shekarar 2009, kan cewa wai ruwan teku na ƙara tsami, kuma wai wannan tsami na ruɗa ƙananan kifaye har su kasa bambanta abokin gaba da wurin ɓuya. Rabin maganar gaskiya ce da babu mai musu a kanta. Ɗaya rabin kuwa ya jawo rigimar da ta kai har ga zubar da mutuncin wasu malamai.

Inda tsamin ya fito

Duk lokacin da aka ƙona man fetur ko gas ko kwal, ko aka gasa dutse don yin siminti, akwai wata iska da ke tashi sama wadda ake kira kabon dayoksaid, ko kuma iskar kabon a taƙaice. Ita ce iskar nan da ke tasowa da kumfa idan an buɗe lemon kwalba. Kafin zamanin masana'antu a Turai, yawanta a sararin sama bai wuce kashi 280 cikin miliyan ba. Lokacin da wani Ba'amurke mai suna Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai a shekarar 1958, ta kai wajen 315. A shekarar 2024 kuwa ta haura 420.

Ba dukanta ke zama a sama ba. Teku na shanye kimanin rubu'in abin da 'yan Adam ke fitarwa, kuma da zarar iskar ta narke cikin ruwa sai ta zama wani ɗan tsami marar ƙarfi. Kowace uwargida ta san yadda tsamiya da kanwa suke: ɗaya na kashe kaifin ɗaya. To, ruwan teku a asalinsa ya fi karkata wajen kanwa. Masana na da ma'aunin da suke kira pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14, inda 7 ke tsakiya, abin da ya gaza 7 yana ɓangaren tsami, abin da ya ɗara kuwa yana ɓangaren kanwa. A da saman teku na kan 8.2, yanzu ya sauko zuwa wajen 8.1. Mai karatu zai ce ai wannan ba kome ba ne. Amma ma'aunin ba irin na mudu ba ne, domin kowane mataki guda a kansa na nufin ninki goma, don haka wannan 'yar saukowa na nufin tsamin ya ƙaru da abin da ya kusa kashi 30 cikin 100. Ba wai teku ya zama ruwan tsamiya ba ne, a'a, kanwarsa ce ke raguwa. Wasu masana biyu, Ken Caldeira da Michael Wickett, su ne suka ja hankalin duniya kan lamarin cikin wata muƙala a mujallar Nature a shekarar 2003, kuma an yi lissafin cewa idan aka ci gaba da ƙone-ƙone ba sassauci, ma'aunin na iya ƙara faɗuwa da 0.3 ko 0.4 kafin shekarar 2100.

Waɗanda suka fara jin jiki su ne halittu masu gina ƙwarya a bayansu, dangin katantanwa da wuri da ƙumba da murjani, domin sinadarin da suke gini da shi na yin ƙaranci idan tsami ya ƙaru. A shekarun 2007 da 2008 masu kiwon wata irin ƙumbar teku da Turawa ke ci, a Jihar Oregon ta Amurka, sun ga 'ya'yan da suke ƙyanƙyashewa na ta mutuwa, daga baya aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne ya yi musu tsami. Kifi kuwa, an daɗe ana ɗauka ba ruwansa, tun da yake yana iya daidaita jininsa ta hanyar matsatsun numfashinsa.

Kifin da ya bi warin mai cinsa

Sai ga shi a shekarar 2009 wasu masu bincike na Jami'ar James Cook da ke Ostareliya, ƙarƙashin Farfesa Philip Munday tare da wata ɗaliba mai suna Danielle Dixson, sun fito da labari mai ban mamaki. Sun yi aiki ne da wani ɗan kifi mai launin ruwan goro da ratsin fari, wanda ke zaune cikin duwatsun murjani, irin wanda yara suka sani a fim ɗin nan na Nemo. Shi wannan kifi idan an ƙyanƙyashe shi yakan yi kwanaki yana yawo a faɗin teku, sa'an nan ya bi ƙanshi ya nemo inda zai zauna. Hancinsa shi ne jagoransa.

Dabarar gwajin mai sauƙi ce. An yi wani ɗan kwatami mai hanya biyu, ruwa na gudu a kowace hanya ba tare da sun gauraya ba. A ɗaya hanyar an sa ruwan da babban kifi mai cin ƙanana ya zauna a ciki, ɗayar kuwa ruwa ne zalla. Ɗan kifin da aka raina cikin ruwan teku na yau da kullum yakan guje wa warin mai cinsa, kamar yadda akuya ke gudun warin kura. Amma wanda aka raina cikin ruwan da aka ƙara wa iskar kabon, in ji rahoton da suka buga a shekarar 2010, sai ya riƙa bin warin, har yana shafe fiye da kashi 90 cikin 100 na lokacinsa a ɓangaren abokin gaba. A wani gwajin na wannan shekara suka ce sun saki wasu ƙananan kifayen a kan murjani, sai waɗanda suka sha iskar kabon suka riƙa nisa da maɓoyarsu da rawar kai, aka cinye su ninki biyar zuwa tara fiye da 'yan uwansu.

Rahotanni suka yi ta biyo baya. Wasu suka ce jin kifin ya lalace, wasu suka ce ganinsa, wasu suka ce ya daina fifita juyawa dama ko hagu kamar yadda ya saba. A shekarar 2012 Farfesa Göran Nilsson na Jami'ar Oslo ya kawo bayanin da ya gamsar da mutane da yawa. Ya ce a ƙoƙarin da kifin ke yi na kare jininsa daga tsami, yakan sauya yawan wasu gishirai a jikinsa, wannan sauyi kuwa na juya aikin wata ƙofa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wadda aikinta shi ne kwantar da jijiya. Maimakon ta zama birki sai ta koma totur. A shekarar 2014 kuma aka ba da rahoton irin wannan ruɗewa ga kifayen da ke zaune kusa da wasu ramuka a ƙarƙashin teku a ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda iskar kabon ke ɓulɓulowa da kanta daga cikin ƙasa. Jaridun duniya suka ɗauki labarin, ya shiga littattafan makaranta da rahotannin gwamnatoci.

Da aka sake gwadawa

Akwai wata ƙa'ida a ilmin kimiyya da ɗalibai ya kamata su riƙe: ba a karɓar sakamakon gwaji sai wani dabam ya maimaita shi ya sami abin da aka samu. Wasu matasan masana daga Ostareliya da Kanada da Norwe da Siwidin, cikinsu har da Timothy Clark da Fredrik Jutfelt da Josefin Sundin, sun ɗauki shekara uku suna maimaita waɗannan gwaje-gwaje. Sun yi aiki da kifaye fiye da 900 na iri shida, kuma maimakon mutum ya zauna da agogo da fensir yana rubuta inda kifi ya nufa, sai suka ɗauki kome da na'urar bidiyo, kwamfuta ta yi ƙidaya. A watan Janairu na shekarar 2020 suka buga sakamakonsu a Nature: kifayen da aka ƙara wa iskar kabon sun guje wa warin mai cinsu daidai da sauran. Ba su ga ruɗewar da ake ta magana a kai ba. Har ila yau suka ce alƙaluman wasu rahotannin farko sun yi kyau fiye da kima, domin dabba mai rai ba ta cika bin ƙa'ida ɗari bisa ɗari haka ba.

Farfesa Munday da abokan aikinsa ba su yi shiru ba. Sun mai da martani a wannan mujalla cikin shekarar, suna cewa masu sukar ba su yi amfani da irin kifayen da suka yi amfani da su ba, kuma hanyoyin gwajin sun bambanta ta fuskoki da dama. Amma a shekarar 2022 wani masani ɗan Kanada, Jeff Clements, da abokansa suka tattara rahotanni 91 da aka buga kan wannan batu cikin shekara goma, suka nuna cewa girman illar da ake ba da labari ya yi ta raguwa shekara bayan shekara har ya kusa ɓacewa, kuma mafi yawan rahotanni masu ban tsoro an yi su ne da kifaye 'yan ƙalilan. A watan Agusta na wannan shekara mujallar Science ta janye wata muƙalar Dixson ta shekarar 2014, bayan wani kwamitin Jami'ar Delaware ya same ta da laifin ƙirƙirar alƙaluma. Ita dai ta musanta zargin, kuma adalci ne a faɗa cewa muƙalar da aka janye ba kan tsamin teku take ba, kan yadda kifi ke bin ƙanshin murjani ne.

To, kada mai karatu ya yi saurin cewa ashe duk maganar tatsuniya ce. Abin da ya rushe shi ne da'awar cewa kifi zai haukace ya kai kansa bakin mai cinsa. Ƙananan illoli kuwa na nan, sai dai sun bambanta daga wani kifi zuwa wani. A shekarar 2012 Hannes Baumann a Amurka ya ga cewa 'ya'yan wani siririn kifin gaɓa da aka ƙyanƙyashe cikin ruwa mai yawan iskar kabon, waɗanda suka rayu sun ragu da fiye da kashi 70 cikin 100. A shekarar 2018 Cosima Porteus ta Jami'ar Exeter a Ingila ta auna jijiyar hancin wani kifin tekun Turai kai tsaye, ta ga kaifin shaƙarsa ya dushe, ta yadda sai ya ƙara matsowa da kimanin kashi 40 cikin 100 kafin ya ji warin abinci ko na abokin gaba. A wannan shekara kuma wasu Jamusawa suka ba da rahoton wani gwaji da suka yi a gaɓar Siwidin da 'ya'yan shawa, watau dai wannan shawa da ake soyawa a bakin tasha, inda suka ga waɗanda ke cikin ruwa mai ƙarin iskar kabon sun fi rayuwa, saboda ƙananan halittun da suke ci sun ƙara yawa. Lamarin dai ba baƙi da fari ba ne, kuma wanda ya ce ya san yadda tekun shekarar 2100 zai kasance daki-daki ya faɗi abin da ya fi ƙarfin iliminsa.

Tekun da ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato

Wani abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙasar da Bodinga ke zaune a kanta ita kanta tsohon gindin teku ce. Masana ilmin duwatsu, irin su Farfesa Cornelius Kogbe wanda ya yi dogon nazari kan wannan yanki, sun nuna cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce wani reshen teku marar zurfi ya ratso ta inda Sahara take a yau ya malale ƙasar Sakkwato. A cikin laka da duwatsun Dange, maƙwabciyar Bodinga, ana tsintar haƙoran kifayen teku da ƙasusuwan kadoji. Daga duwatsun da suka girmi waɗannan, a wajen Goronyo, wasu masana 'yan Italiya suka bayyana wani ƙaton dodon ruwa a shekarar 1972, suka raɗa masa suna Goronyosaurus, watau ƙadangaren Goronyo. Farin dutsen Kalambaina kuwa, wanda kamfanin siminti na Sakkwato ke haƙa tun daga shekarar 1967, ba kome ba ne illa ƙwaryar halittun wancan teku da suka taru suka daskare.

A nan ne zaren ya haɗu. Waɗannan halittu sun kwashe kabon daga ruwa sun ɗaure shi cikin dutse. Idan aka gasa dutsen a murhun siminti sai kabon ɗin ya kuɓuce ya koma sama, kimanin rabin tan na iskar a kan kowane tan na gasasshen dutse, ban da wadda ke fitowa daga makamashin da aka hura wutar da shi. Masana'antar siminti ta duniya baki ɗaya na fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon. Wannan ba zargi ba ne ga Kalambaina, domin nahiyar Afirka dukanta ba ta fitar da abin da ya kai kashi 4 cikin 100, kuma jihar da ke bukatar makarantu da asibitoci ba za ta daina gini ba. Manyan masu laifi suna can Amurka da Turai da Sin. Amma ɗalibin da ke son ganin yadda kabon ke zagayawa tsakanin ruwa da dutse da sama ba ya bukatar zuwa Ostareliya.

Madatsun ruwa na gida

Tambayar da ta fi shafar masunci a Shagari ita ce ko irin wannan abu na faruwa a ruwan daɗi. A shekarar 2018 Linda Weiss ta Jami'ar Ruhr da ke Bochum ta binciki bayanan da aka ajiye na madatsun ruwa huɗu a Jamus daga shekarar 1981 zuwa 2015, ta ga iskar kabon ta ƙaru a cikinsu, ma'aunin pH kuma ya faɗi da kimanin 0.3 cikin shekara 35, watau ya fi na teku sauri. Da ta gwada wasu ƙananan ƙwarin ruwa da 'ya'yan kifi ke ci, sai ta ga ƙarin iskar ya rage musu iya jin warin masu cinsu, har suka kasa fito da 'yan ƙayoyin da suke kare kansu da su. Tun a shekarar 1938 kuma Karl von Frisch ya gano cewa idan aka ji wa wani irin kifin ruwan daɗi rauni, fatarsa na sakin wani sinadari da ke gargaɗin 'yan uwansa su watse. Tarwaɗa da kawara da ƙurungu duk suna cikin babban dangin da ke da wannan baiwa, kuma bincike a rafukan Kanada ya nuna cewa idan ruwa ya yi tsami zuwa wajen 6 a ma'auni, gargaɗin ba ya aiki sosai.

Sai dai ruwan madatsa ba kamar teku yake ba. Tsaminsa na hawa da sauka tsakanin dare da rana, da tsakanin damina da rani, gwargwadon ciyayi da ruɓaɓɓen ganye da abin da ruwan sama ya kwaso daga gonaki, kuma inda ƙasa ke da farin dutse yakan kashe kaifin tsamin. Kifayen da suka saba da irin wannan hawa da sauka sun fi juriya, balle gaiwa da tarwaɗa da ke iya shaƙar iska kai tsaye. Gaskiyar magana ita ce abin da ya fi cutar da kifin Rima da Gulbin Sakkwato ya zuwa yanzu a bayyane yake. Bayan kammala madatsar Bakalori a shekarar 1978, ambaliyar da ke cika fadamu inda kifi ke zuba ƙwai ta ragu, kuma wani masanin Jami'ar Kambirij, W. M. Adams, ya rubuta a shekarar 1985 yadda kamun kifi ya faɗi a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar. Ga farin shekarun 1973 da 1984, ga masu zuba gamalin a ruwa, ga masu jan taru mai ƙananan idanu irin na gidan sauro, wanda ba ya barin ko ɗan tsako. Sarkawan da ke hana su a Matan Fada na tsawon shekara domin bikin Argungu, wanda ya samo asali a matsayinsa na yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a shekarar 1934, sun riga masana fahimtar cewa kifi na bukatar hutu.

Duk da haka darasin Jamus na da amfani ga ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda madatsun Goronyo da Shagari ke hannunta. Weiss ta iya ganin sauyin ne kawai saboda wani ma'aikaci ya riƙa ɗiban ruwa wata bayan wata yana rubutawa a littafi har shekara 35, ba tare da sanin wanda zai amfana ba. Nazarin wata shida da ɗalibi zai yi don neman digiri ba zai nuna irin wannan ba, kome kyansa. Na'urar auna pH ba ta kai kuɗin tayar mota ba, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da sashen koyar da kiwon kifi, ga kuma cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a bakin tafkin Kainji. A ɓangaren teku akwai cibiyar binciken teku da aka kafa a Ikko a shekarar 1975, sa'an nan a shekarar 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa rage tsamin teku cikin muradun da ƙasashe suka amince da su a shekarar 2015, Nijeriya na cikinsu, kuma ma'aunin da aka ajiye na cika wannan alkawari shi ne kowace ƙasa ta riƙa auna ruwan gaɓarta a tashoshi tsayayyu tana miƙa alƙaluman.